Idon Hagu

Shekara talatin da takwas tana auren mai gyaran agogo, bai taɓa ce mata ko ɗankwalinta ya yi kyau ba. Mutumin da zai yini da gilashi a ido yana leƙen cikin agogo, amma ka tambaye shi ko matarsa tana da wushirya, sai ya tsaya tunani.

Sai ciwo ya kama shi a ka. Yana tashi daga jinya ya kama zane, shi da ko kaza bai taɓa zanawa ba. Bayan kalanda, kwalin sabulu, bangon falo, babu inda ya tsira. Kuma fuska ɗaya yake zanawa, tata: wushiryar, tabon da ke gefen haɓarta, har yadda take karkatar da kai idan tana fushi. Ashe duk shekarun nan yana gani. Ta shige kicin ta sha kuka, na daɗi.

A asibiti likita ta nuna mata hoton ƙwaƙwalwarsa. "Mama, nan ta gaban ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke ce wa mutum 'bari'. Na Baba ya yi rauni, shi ya sa abin da ke ciki yake ta fitowa. Amma tare da ciwon kan nan suke zuwa. Ƙwaya ɗaya kullum da safe, zai samu sauƙi."

"Zanen fa, likita?"

"Mai yiwuwa ya tsaya."

Ya kuwa tsaya cak. Cikin sati biyu mutumin ya murmure, ya koma teburinsa. "Ke, ina silifas ɗina?" Ko kai bai ɗaga ba. 'Yarsu ta buga waya tana murna, wai Baba ya dawo daidai.

Daidai ɗin ne ya ƙona wa uwar rai. Zane na ƙarshe yana nan a jikin firij, fuskarta da ido ɗaya, bai ƙarasa ba.

Wata safiya ta ɓallo ƙwayar, ta dube ta, ta jefa a magudanar wanke-wanke. Ta miƙa masa ta bitamin, fara ce ita ma. Ba ta ji komai ba, kuma rashin jin ya ɗan ba ta tsoro.

Haka ta riƙa yi kullum. Kwana tara ya kai ba magani. Ta same shi durƙushe a falo, ya dafe kai da hannu biyu, gumi ya jiƙa rigarsa.

"Maman yara, kaina zai tsage. Don Allah kira likita."

Yana maganar yana kallonta, irin kallon nan, har cikin ido. Ta kife wayarta a kan tebur, ta ciro takardar zanen daga jikin firij, ta damƙa masa fensir. Sannan ta jawo kujera ta zauna inda haske yake, ta gyara ɗankwali.

"Zan kira, maigida," ta ce. "Ƙarasa min idon hagun tukuna."