Kwanar da Tullio Ya Sha Ba Kira

Ranar Laraba Tullio ya ƙi ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Ya je ya ɗauko mahaifinsa Ermanno daga gidan kula da tsofaffi, ya zaunar da shi a jar kujerar gondola, kwalekwalen fasinjan da tsohon ya tuƙa shekara arba'in. Ciwon mantuwa ya kama tsohon, wata bakwai ke nan rabonsa da kiran sunan ɗansa. Likita ta ce a cire rai. Tullio ya ce ai ruwa zai tuna masa.

Suka bar unguwar Rialto, suka kutsa ƙananan lungunan ruwa. Tsoho ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana ɗaga kai yana kallon tagogi da shanyar kaya kamar wanda ya sauka daga jirgin ƙasa da safe.

"Samari, wannan gadar ya sunanta?"

"Baba, a ƙarƙashinta ka koya mini sunkuyawa."

"To, madalla. Tana da kyau."

Tullio ya ci gaba da tuƙi. Dabara ɗaya ta rage masa. Duk matuƙi sai ya ƙwala kira kafin ya sha kwanar da ba a hango gaba, don na ɓoye ya kauce. Ermanno bai taɓa yafe wa wanda ya manta ba. Shi kansa Tullio, tsohon ya taɓa hana shi riƙe filafilin tuƙi wata guda cur a kan haka. Zagi ɗaya yake nema yau, ko da a gaban mutane ne.

Da suka iso kwanar bayan coci, ya ja bakinsa ya yi gum.

Sai ga jirgin Gigio mai kayan miya. Katako ya gogi katako, kwandon tumatir ya kife cikin ruwa.

"Kai Tullio, bakin naka a gida ka baro shi, ko matarka ce ta ƙwace?" in ji Gigio. Da ya ga wanda ke zaune, ya cire hula. "Maigida Ermanno, barka da rana. Ka ga aikin ɗanka ko? Yi masa irin wadda ka saba."

Tullio ya tsaya da filafili a hannu, yana jira.

Tsoho ya dubi tumatir na yawo a kan ruwa, ya yi murmushi.

"Ka yi haƙuri, bawan Allah. Yaron yana da kirki, tun ɗazu yake zagayawa da ni." Ya waigo. "Samari, kai ɗan garin nan ne?"

"Eh."

"Ka yi sa'a. Da ina da ɗa, da na kawo shi ya gani."

Gigio ya mayar da hularsa, ya sunkuya yana tsamo tumatir.

"Mayar da ni masauki," in ji tsoho. "Na ga abin da zan gani."

Tullio ya tokare bango da ƙafa, ya juya kan jirgin.