Kujerar Ɗigo

Shekara shida Auta ta yi a ƙasar waje, ta dawo da akwati biyu, da 'ya ɗaya, da kujerar yara ta mota. Mijinta ya tsaya can sai kwangilarsa ta ƙare. Kujerar ce ta cinye gurbin akwati na uku, wanda tsaraba za ta shiga, kuma babu wanda bai lura da hakan ba.

"Wannan ɗin ta wa ce a cikinmu?" matar Yaya ta tambaya a filin jirgi, tana zagaya kujerar.

"Ta Ɗigo ce, Anti. A mota ake ɗaure ta."

"To, madalla. Mun gode."

Da suka isa wajen motar Yaya, babban wanta, Auta ta buɗe baya ta lalubi bel ɗin da za ta ɗaure kujerar da shi, ba ta samu ba. Yaya ya ce shekara tara yana jan motar nan bai taɓa ganin bel a bayanta ba, haka kamfani ya ƙero ta. Aka jefa kujerar a but, Auta ta ɗora Ɗigo a cinya ta rungume ta da hannu biyu. A mahaɗar hanya ta uku wani mai babur ya yanko gabansu, Yaya ya taka burki, goshin yarinyar ya daki bayan kujerar gaba. Ƙulu ya fito kamar rabin ƙwai.

"Ai ba komai, kan yara ƙwari gare shi," in ji Yaya. "Ke sau nawa na yar da ke?"

Auta ta shafa goshin 'yarta. A ranta dai ta gama magana: Ɗigo ba za ta ƙara shiga motar da ta tashi ba sai a cikin kujerarta.

Matsalar ita ce Mama. Mama tana wani gari, tafiyar awa biyu, an yi mata aiki a ƙugu, ko matakalar gidanta ba ta iya sauka. Jikar nan mai shekara biyu a waya kawai ta san ta. Kullum da safe sai ta kira.

"Yau ne?"

"Mama, sai an samu bel."

"Bel ɗin wando?"

"Na mota."

"Ku bakwai na haifa, a cinya kuka yi duk tafiyarku. Ki kawo min yarinya ko in taho da ƙafa ɗaya."

Kwana huɗu aka yi a haka. Auta tana ta koyon gidan da ta baro. Ta raba shara gida uku, mai kwasar shara ya zo ya juye su a baro ɗaya, ya yaba mata da tsabta. Ta aika wa ƙawarta saƙo tana neman ranar da za ta ziyarce ta, ƙawar ta kira a firgice tana tambayar ko wani abu ya faru. Ita kuwa kujerar tana falo. Ranar farko Anti ta jera wankakkun kaya a ciki, daga rana ta biyu kyanwa ta karɓe ta.

A rana ta biyar Mama ba ta kira ba. Auta ta kira, ba a ɗauka ba. Ƙanwar Mama ce ta bugo daga baya, ta ce Mama ta ce a gaya wa baƙuwar ba sai ta wahalar da kanta ba, hoton ma ya isa.

Auta ta kori kyanwa, ta saɓi kujerar, ta tsaya a kan Yaya yana karyawa.

"Yaya, tashi mu je gareji."

Suka bar Ɗigo wajen Anti. Bakaniken Yaya mutum ne mai son taimako. Ya juya kujerar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa ta, ya ce kaya ne mai kyau. Sannan ya shiga ciki ya fito da igiyar ɗaure kaya.

"Da wannan na ɗaure injin niƙa, Hajiya, har ƙauye bai motsa ba."

"A'a."

"To a yi mata walda. Sai dai ita da motar mutu ka raba."

"Kai, motata ce fa," in ji Yaya.

Auta ta tsaya tana kallon kushin bayan. Ta san irin motar nan, ta san ta fiye da yadda take so a sani. A gida kowa ya ɗauka a ofis take zaune, don abin da ta faɗa musu shi ne tana aiki a kamfanin motoci, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta dubi Yaya, ta tuna hoton da Mama ta ce ya isa. Sai ta cire agogonta ta miƙa masa, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa a ƙofar motar. Ta zura yatsu ƙarƙashin kushin, tafi ɗaya daga gefe, ta danna ta fizga sama. Ƙas. Ta zagaya ɗaya gefen. Ƙas. Kushin ya taso gaba ɗaya.

Ga su nan kwance, bel uku, a naɗe, sababbi ful, ko hannu bai taɓa su ba. Kusa da su akwai ɗan kunne ɗaya, da mataji, da busasshen ɓawon lemo, da mabuɗi mai jan zare.

Bakanike ya cire hula ya sosa kai. "Hajiya, a ina kika yi koyo?"

"Kamfanin hayar motoci. Shekara huɗu ina wanke su ciki da waje. Talatin a rana."

Yaya ya dube ta, ya dubi hannuwanta, kamar yau ya fara ganinsu. Ta jira abin da zai ce. Ya sunkuya ya ɗauki mabuɗin.

"Na ɗakin ajiya ne," ya ce a hankali. "Wata biyu ina yi wa Antinki faɗa a kansa. Har ƙofa na fasa." Ya sa shi a aljihu. "Ba ki ga mabuɗi ba, Auta."

"Kai ma ba ka ji maganar wanki ba."

"Wane wanki?"

Minti biyar ta ɗaure kujerar. Ta sa gwiwa ta danne ta, ta ja bel ɗin har ya ƙi tafiya, ta ce bakanike ya girgiza. Ya girgiza, motar duka ta girgiza, kujerar ba ta motsa ba. Ya ce in tana neman aiki, ƙofa a buɗe take.

Suka biya gida suka ɗauki Ɗigo da Anti, bayan azahar suka isa gidan Mama. Ɗigo ta yi barci a hanya, Auta ba ta so ta tashe ta, don haka Yaya ya kinkimo ta da kujerar gaba ɗaya, ya hau matakala yana nishi, ya dire ta a gaban gadon Mama.

Mama ba ta kalli Auta ba tukuna. Ta daɗe tana kallon yarinyar, da maɗaurai biyar da suka haɗu a cikinta.

"Ita kuma wane laifi ta yi?"

Ta miƙa hannu ta shafa kan, sai yatsanta ya tsaya a kan ƙulun, wanda ya fara komawa kore.

"Wannan fa?"

Yaya ya ɗaga kai yana nazarin silin. Anti ta ce burki ne. Mama ta tambaya a ina yarinyar take lokacin da aka taka burkin, aka ce a cinya. Ta shafa wajen sau biyu. Sannan ta jawo Auta ta zaunar da ita a bakin gado, ta riƙe hannunta ba ta saki ba.

"In za ku koma, ki ɗaure ta sosai," ta ce. Ta nuna Yaya da haɓa. "In akwai babba, shi ma a saya masa."