Malam Hamza a Taron Masana Tsufa

Tun shekarar 2004 Zubaidatu take rubuta kundin digirinta na biyu a kan yadda iyalai suke kula da tsofaffinsu a Sabon Gari, kuma tun a shekarar nan take juya mahaifinta a kan gado, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki. Malam Hamza tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bayan rasuwar matarsa, ta karkace masa baki, amma ba ta taɓa masa kaifin harshe ba. Su biyu ne a gidansu na Chikaji. Akwai yayanta Suhail a Abuja, mutumin kirki, wanda yake kula da Baba sosai ta wayar salula, duk ranar da aka yi sa'ar sabis.

Mai duba aikinta, Farfesa Albert, shi ne shugaban Cibiyar Nazarin Iyali da Tsufa a Samaru. Ya yi suna a kan magana ɗaya, wai tsoho a Afirka ba shi da matsala, domin dangi sun kewaye shi. Ya faɗe ta a ƙasashe da dama, an tafa masa. Duk lokacin da Zubaidatu ta kawo babin da ta rubuta a kan matan da suka bar aiki ko kasuwa saboda jinyar iyaye, sai ya zare tabarau ya ce, “Malama, wannan tunanin Turawa ne. Mu a nan ba ma gajiya da iyayenmu.” Ita kuwa sau da yawa tana sauraronsa ne tana gyangyaɗi.

A daminar 2006 cibiyar ta shirya babban taro, har da baƙi daga ƙasar waje, waɗanda suka ɗauki nauyin binciken. Aka sa Zubaidatu cikin masu gabatar da takarda. Da safiyar ranar, maƙwabciyar da ta yi alkawarin zama da Baba ta aiko cewa an yi musu haihuwa a Giwa, ta tafi barka. Zubaidatu ta kira Suhail.

“Ki yi haƙuri, ina mitin,” in ji shi. “Amma ki tabbata kin ba shi maganinsa kafin ki fita.”

Ta tsaya a ƙofar ɗaki da takardunta a hannu tana duban mahaifinta. Shi ma yana dubanta.

“Ki kulle ni ki tafi,” ya ce. “Ɓarawon da ya sace ni shi ya ja wa kansa.”

Ba ta kulle shi ba. Ta sa masa farar rigarsa ta Juma'a da hula, ta ɗauko shatar tasi, aka naɗe keken guragu aka sa a but ɗin motar. Daga Kwangila har Samaru yana leƙe ta taga, yana ƙorafin an sare itatuwan da ya sani.

Zauren taron masana tsufa a saman bene yake, kuma matakala kawai gare shi. Direban tasin da mai gadi suka ɗauki Malam Hamza da kekensa suka haura da shi, yana gaya musu su bi a hankali, ba buhun masara ba ne. Niyyar Zubaidatu ta ajiye shi a can baya kusa da ƙofa. Sai ga Farfesa Albert ya taho da sauri, fuskarsa cike da farin ciki irin wanda ba ta taɓa gani ba a duk shekarun nan.

Ashe cibiyar ta yi wa baƙi alkawarin za su ga dattijo na gaske a babban tebur. Dattijon da aka aika wa goron gayyata kuwa ya rasu tun watan da ya wuce, sai da safen nan labari ya iso cibiyar da take nazarinsa.

“Wannan mahaifinki ne? Allah ne ya kawo ku,” in ji Farfesa. Ya rusuna. “Baba, ina kwana. Ka zo mu girmama ka.”

Kafin Zubaidatu ta buɗe baki an tura keken zuwa gaba, an ajiye Malam Hamza tsakanin wata Baturiya da wani babban jami'in gwamnati daga Kaduna. A gabansa ga katin sunan marigayin. Ya dube shi ya ce, “Ni Hamza ne.” Wani ya gyara masa zaman kwalbar lemo.

Aka shiga jawabai. Jami'in ya ce gwamnati tana duba yiwuwar kafa kwamitin da zai duba batun tsofaffi. Farfesa ya yi magana mai tsawo a kan albarkar dangi, duk bayan jimla biyu yana nuna Malam Hamza da hannu, masu ɗaukar hoto suna ta haska shi. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, aka ci gaba daga inda aka tsaya. Malam Hamza ya sha lemonsa, ya sha na jami'in, ya ɗan yi barci.

Ana gab da kiran Zubaidatu, Baturiyar ta roƙi a bar dattijo ya ce wani abu da bakinsa. Aka kai masa lasifika. Ya ɗago kai ya nemi 'yarsa da ido, sannan ya yi magana a hankali, harshe na nauyi.

“Zubaida, zo ki fitar da ni. Zagayawa zan yi.”

Duk mai jin Hausa a zauren ya ji. Farfesa Albert, wanda da Hausa ya tashi, ya karɓi lasifikar ya juya ga baƙi, ya fassara musu da Turanci cewa Baba yana godiya ga 'yarsa, kuma yana cewa babu abin da ya kai iyali. Baƙi suka tafa. Masu jin Hausa ma suka tafa, tunda ba su ne za su tashi ba. A daidai lokacin mai gabatarwa ya kira sunan Zubaidatu.

Ta miƙe. Ta dubi mumbarin da ta yi wata da watanni tana shirin hawa, ta ajiye takardunta a kan kujera, ta je ta juyo keken. Zaure cike da mutanen da suka rubuta littattafai a kan ɗawainiyar tsofaffi, kowa ya janye ƙafarsa da ladabi don ta samu hanyar wucewa.

Bayan gida yana ƙarshen baranda, kuma a kulle yake da kwaɗo. Tana tsaye tana jijjiga ƙofar, sai ta ji takun takalmi a bayanta. Dakta Janet ce, malama a sashensu, wadda iyakar abin da ke tsakaninsu gaisuwa a hanya. Mabuɗi ne a hannunta.

“Kama ɓangaren mai lafiyar,” in ji ta. “Ni zan shiga ta ƙarƙashin wannan kafaɗar. Baba, yi haƙuri, zan taɓa ka.”

“Taɓa, 'yata. Waɗancan ma hoto kawai suka sani.”

Ta tokare ƙafar keken da gwiwarta, suka ɗaga shi lokaci ɗaya ba tare da ya yi ko nishi ba. Da suka shigar da shi ta fito ta jira a waje. Bayan an gama, an mayar da shi kan keke, Zubaidatu ta dube ta.

“Dakta, a ina kika koyi ɗaga mutum haka?”

Janet ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. “A gidanmu na Muchia. Mamana tana gida. Ƙafa ba ƙarfi, kai kuma ya fara rikicewa. Yanzu haka a kulle na baro ta, da abinci a kula da rediyo a kunne. Takardar da zan gabatar da yamma kuwa a kan haɗin kan dangi ne.”

“Ba ki da 'yan'uwa?”

“Akwai su. Suna yi mini addu'a sosai.”

Daga cikin zaure ana jin tafi. Malam Hamza ya ce shi dai ba zai koma teburin nan ba, lemon ya ƙare kuma Baturiyar nan tana ta shafa masa hannu. Suka zauna a kan bencin baranda, iska mai ƙamshin hadari tana shigowa. Suka yi ta hira a kan gyambon kwanciya, da sabulun da ba ya busar da fata, da yadda ciwon baya yake tashi idan an sunkuya ba daidai ba. Zubaidatu ta lura ta zaga gidaje masu yawa tana yi wa mata tambayoyi, amma babu wanda ya taɓa yi mata ko ɗaya sai yau.

Da suka leƙa zauren daga baya, sai suka tarar Farfesa ya taimaka mata, ya karanta takardarta a madadinta. Ya karanta wuraren da ya yarda da su, don haka bai ɗauki lokaci ba. Taro ya tashi da shawara cewa a ci gaba da ƙarfafa wa iyalai gwiwa. Bayan mako biyu hoton Malam Hamza ya fito a bangon rahoton cibiyar, da sunan marigayin a ƙasa. Suhail ya gani ya kira cikin fushi, yana tambayar dalilin da za ta riƙa yawo da Baba a bainar jama'a. Ta ce masa in an sake wani taron za ta sanar da shi ya zo ya zauna da Baban. Nan take sabis ya yanke.

Ita da Janet kuwa suka daidaita jadawalinsu. Ranar da Janet take da aji sai ta biyo ta Chikaji ta sauke mahaifiyarta, Mama Rhoda, Zubaidatu ta riƙe tsofaffin biyu. Ranar da Zubaidatu za ta Samaru, Janet ta zo da takardun ɗalibai ta zauna a tsakar gida tana maki. Mama Rhoda tsohuwar malamar firamare ce, kuma tun ranar farko ta yanke cewa Malam Hamza mai duba makarantu ne da aka turo daga Kaduna. Kullum sai ta kai masa ƙarar hedimasta. Da farko yana gardama, daga baya ya karɓi muƙamin, har yana alkawarin zai ɗauki mataki. Maƙwabta suka ɗan yi tsegumi, da suka ga ba wanda ya tanka musu, suka bari.

Zubaidatu ta samu lokacin rubutu, ta kammala kundin a shekarar da ta biyo baya. Ta ƙara wani ɗan babi a kan wannan tsari nasu, da wasu irinsa da ta gano a Jushi da Muchia da ta fara tambayar mata tambayar da ta dace. Farfesa Albert ya karanta a ofishinsa, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, sai dai ita da Dakta Janet ba dangin juna ba ne, don haka babin ya fita daga iyakar binciken. Ya ce ta cire shi, in an samu masu ɗaukar nauyi a gaba a kafa masa bincike na musamman.

Ta ce, “To, ranka ya daɗe.” Ta tattara takardunta da sauri, domin Janet tana da aji da rana, kuma motocin Sabon Gari ba sa cika da wuri a wannan lokacin.