Gilashin da Habboba ta Wanke

Ƙarar da Sa'adiyya ta jiyo tun daga bakin ƙofa ba baƙuwa ba ce a gidan. Kowane hantsi haka toka ke kuka a jikin gilashi idan kakarta, Habboba Larai, ta zauna wankin kofunan shayi. Sai da ta shigo ƙarƙashin rumfa ta ga abin da ke hannun tsohuwar. Takardar izinin ɗaukar hoto, wadda ta kwashe awa uku a layi kafin a buga mata hatimi, ta suɓuce daga hannunta ta faɗi a ƙasa.

Idon kyamararta ne a hannun Habboba. Ta riƙe shi da hagu, soso a dama, gefenta kwanon toka da ɗan yashi mai laushi.

"Habboba!"

"Kin tsorata ni, ya bitti, 'yata. Zo ki gani. Maiƙo ne ya kama shi, shuɗi-shuɗi, kore-kore, kamar na saman romo. Da ƙyar ya fita." Ta ɗaga shi sama tana alfahari. "Ban tsoma shi a ruwa ba fa. Na san ƙarfe ne."

Sa'adiyya ta karɓa da hannu biyu. Ta juya shi wajen haske. Launin nan da ke walƙiya a fuskar gilashin, wanda masu ƙera shi suka shafa domin ya tsare haske, ya tafi. A madadinsa akwai zane-zane dubu, da'ira cikin da'ira, fari fat kamar idon da yana ta rufe. Ta leƙa ta ciki. Bishiyar darbejiyar tsakar gida ta zama hayaƙi.

Ba ta yi kuka ba. Ba ta yi ba ranar da suka baro Khartoum da shekararta ta ƙarshe a makarantar zane a bayanta. Ba ta yi ba a shingen hanya, lokacin da wani mai bindiga ya zazzage jakarta ya kwashe idanun kyamara uku kamar yana tsinkar goruba, ita kuwa tana zaune da gangar jikin kyamarar ɗaure a cikinta ƙarƙashin tufafi. Ta iso Gadarif da kyamara makauniya. A cikin akwatin ƙarfe na marigayi kakanta, Alhaji Harisu, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaukar hoton mutane a kasuwa, ta tsinci wannan tsohon ido, mai nauyi kamar dutsen niƙa yaji. Ta samo zoben da ya haɗa shi da kyamararta. Da shi ta ɗauki hotunan da suka sa ƙungiyar mata manoma ta ba ta aiki: gobe da asuba mota za ta kai ta Simsim ta ɗauki girbin riɗi. Aikinta na farko ke nan tun da yaƙi ya fara, kuma riɗi ba ya jiran kowa. Idan ya bushe, a kwana biyu an kakkaɓe shi an gama.

"Wa ya ce ki taɓa?" Muryarta ta fito siririya.

"A kan farantin kofuna na same shi."

Gaskiya ne. Ita ta ajiye shi nan da safe tana sauri.

"Ba maiƙo ba ne! Mako uku ina yawo a kasuwa ina neman gilashin da zan rufa masa don kada ƙura ta taɓa shi, ƙura kawai, ke kuma kin sa masa yashi! Abin da mutum bai sani ba ya bar wa waɗanda suka je makaranta mana!"

Habboba Larai ta dube ta. Ta sa hannu a ruwa ta ɗauraye tokar a hankali, yatsa bayan yatsa.

"To, ustaza," ta ce.

Sa'adiyya ta naɗe idon a gefen mayafinta ta fice. Ta tare raksha, keken haya mai ƙafa uku, ba tare da ta san inda za ta ba, sai da mai tuƙin ya tambaya sau biyu ta ce kasuwa.

Ta san kowane lungu na kasuwar nan yanzu. Cikin mako ukun nan ta shiga shagon waya ya fi ashirin tana bayani da Larabci da Hausa: gilashi ne zagayayye mai zare a gefe, faɗinsa milimita arba'in da tara, ana murɗa shi a gaban ido. Da kuma malafa, baƙin zobe mai faɗi da ke tare rana daga gefe. Wani ya miƙo mata gilashin fuskar waya. Wani ya ce ta sayi waya mai kyau ta huta. Kamal, mai shago kusa da masu sayar da dabino, shi kaɗai ya gane, ya ce zai sa a kawo daga Port Sudan cikin wata guda, a farashin da ya kusa na ɗan akuya. Wajensa ta fara zuwa.

Kamal ya duba, ya yi salati.

"Wa ya yi miki wannan? Jirgi ne ya faɗo a kai?"

"Ana iya goge shi?"

"Ya ustaza, wannan ko a ƙasar da aka haife shi sai dai a yi masa sallah. Halas." Ya mayar mata da shi da sauri kamar gawar wani. Ganin fuskarta ya sa ya sassauta. "Je ki wajen Ammu Elfadil mai agogo, bayan masu ƙera jabana, tukunyar dafa kofi. Ba don zai iya ba. Amma shi ba ya cewa a'a sai ya sha kofi."

Ammu Elfadil tsoho ne siriri, a cikin rumfar da ba ta fi faɗin tabarma ba, agoguna sun kewaye shi kowane da lokacinsa. Ya karɓi idon. Ya maƙala ɗan madubin aikinsa a ido, ya juya abin, ya sake juyawa. Bai dubi zanen tokar ba ma. Gefen yake kallo.

"Na Harisu ne," ya ce.

"Ka san shi?"

"Mutumin da ya ɗauke ni hoton aure na fito kamar ɓarawon tumaki? Na san shi. Ke 'yar wa ce a cikin 'ya'yansa?"

"'Yar Hamid."

"Wa ya wanke?"

"Habboba."

Tsohon ya yi dariya har madubin ya faɗo a cinyarsa. "Larai! Kofin gidanta kana iya aske gemu a jikinsa. Ba ta yin aiki rabi." Ya share hawaye. "Ciro takalminki."

Sa'adiyya ta tsaya. Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Na dama ko na hagu, duk ɗaya. Mai ƙasan roba ne, ko? Nawa na fata ne."

Ta ciro, ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan ɗaya, mutane na wucewa suna kallo. Ammu Elfadil ya goge ƙasan takalmin da tsumma, ya kifa shi a kan tebur. Ya ɗiga wani mai a gefen idon da tsinken allura, ya jira. Sannan ya kifa fuskar idon a kan robar, ya danna da tafin hannu.

"Ammu, za ka fasa shi!"

"Ai kin ce ya mutu. Gawa ba ta jin zafi." Ya danna ya murɗa. "Idan kika matse zobe da yatsu, sai ya lanƙwashe ya ƙara kamawa. Haka bayan agogo yake. Sai an danne shi duka lokaci guda."

Babu abin da ya motsa. Ya ja numfashi, ya yi bismilla, ya sake murɗawa da kafaɗarsa duka. Wani abu ya yi ƙara, ƙas. Sa'adiyya ta rufe bakinta da hannu.

Fuskar idon ta juya. Ta ci gaba da juyawa a ƙarƙashin yatsun tsohon, sannan ta fita gaba ɗaya, siririn baƙin zobe da farin gilashinsa mai zane. Ya ajiye shi gefe, ya miƙo mata sauran.

A ciki, wani gilashi ne ke kallonta, mai zurfi, mai tsabta kamar ruwan randa, shuɗi da ja suna yawo a fuskarsa. Ko ɗigon ƙura babu. Ta leƙa ta ciki, ta ga agogunan rumfar a kife, kowace allura a fili.

Ƙafarta mara takalmi ta sauka a ƙasa ba ta sani ba.

"Milimita nawa kika ce kina nema a kasuwa?" Ammu Elfadil ya tambaya. "Labarinki ya zo nan tun makon jiya. 'Yar jami'a mai neman gilashin da babu."

Ya kankare gefen zoben da farce. Baƙin fenti ya ɓare, rubutu ya bayyana a ƙasa: 49.

"Kakanki ya shafe shi da fenti don kada ya yi ƙyalli a idon yara su ƙifta. Irin gilashin da kike nema ke nan, shekara arba'in yana wurin. Tsatsa ta aurar da su, shi da idon." Ya dube ta ta saman madubinsa. "Wata nawa kina leƙe ta cikinsa?"

"Biyar," ta ce a hankali.

"Ma sha Allah. Karatu ya yi amfani."

Da wani ne ya faɗa, da ta mayar masa da biyu. Ta sa takalminta.

Sai kuma tunanin gobe ya dawo mata. Ta taɓa ganin kakkaɓar riɗi: ana kifa dami a kan shimfiɗa ana duka, ƙaiƙayi da baƙar ƙasa na tashi har cikin haƙora. Ido tsirara ba zai kai azahar ba.

"Yanzu kuma ba ni da abin rufa masa."

"Zoben lafiyarsa lau. Gilashin ne ya yi shahada." Ya jawo wata gwangwani cike da matattun agogo, ya tona, ya fito da na tebur mai ƙararrawa biyu a ka. Ya cire gilashin fuskarsa, ya gwada, ya ɗan fi girma. Ya zauna yana gurza gefensa a kan dutse da ruwa, a hankali, yana gwadawa, har aka kira la'asar. Ya je ya yi salla ya dawo ya ƙarasa. Gilashin ya zauna cikin zoben daram.

"Ki ji da kyau. Wannan na agogo ne. Zai tare ƙura, amma idan rana ta shigo masa ta gefe, za ki ga rana biyu a hotonki."

"Shi ya sa nake neman malafa."

Ya leƙa waje ya ƙwala kira. "Elsadig! Kana da gwangwanin tumatir, ƙarami?"

Maƙerin da ke rumfar gaba ya zo da almakashinsa na ƙarfe. Ya yanke gindin gwangwanin, ya lanƙwashe bakin don kada ya yanki hannu, ya riƙe cikinsa a kan hayaƙin fitila har ya yi baƙi ƙirin. Ya zura shi a kan zoben, ya kama kamar don shi aka yi. Sa'adiyya ta ɗaura idon a kyamara, ta juya wajen rana mai gangarowa a kan rufin kwano. Rana ɗaya ce. A gaban kyamararta kuwa, jan tumatir ne ɓaro-ɓaro.

"A goge hoton tumatirin?" Elsadig ya tambaya.

"Bar shi," ta ce. "Wanda zai yi dariya ya yi."

Abin da suka karɓa a wurinta bai kai kuɗin raksha zuwa da dawowa ba. Ammu Elfadil ya naɗe tsohon gilashin a takarda ya danƙa mata.

"Kai wa Larai. Aikinta ne."

Ta tarar da Habboba inda ta bar ta, a ƙarƙashin rumfa, tana jan carbi. Kofunan shayi na nan a kan faranti, rabi a wanke, rabi tokar ta bushe a jikinsu. Tun da Sa'adiyya ta yi wayo ba ta taɓa ganin kofi ya kai yamma da datti a gidan nan ba. Takardar izininta kuwa an ɗauke ta daga ƙasa, an kakkaɓe, an danne da dutse a kan kujera.

Ta durƙusa. Ta warware naɗin da Ammu Elfadil ya yi, ta sa gilashin a tafin tsohuwar, ta faɗi komai, har da takalmin.

Habboba ta ɗaga gilashin ta duba. "Wato murfi na wanke."

"Murfi ne."

"Kuma ustaza ba ta san da shi ba."

"Ban sani ba, Habboba. Ki yafe mini abin da na faɗa."

"Uhm." Ta ja carbi biyu. "Mu ga na cikin."

Sa'adiyya ta zare gwangwanin, ta kwance zoben, ta matso da kyamarar kusa da fuskar kakarta ba tare da ta saki ba. Habboba ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta ga shuɗi da ja suna yawo a gilashin.

"Wannan ma akwai maiƙo," ta ce. "Ya fi na farko. Miƙo."

Sa'adiyya ta ja kyamarar ta rungume a ƙirji. Sai ta ga gefen bakin tsohuwar yana rawa, dariya na neman kuɓuce mata.

Ta murɗa zoben a wurinsa, ta rataya kyamarar a wuya, ta mayar da ita bayanta. Sannan ta jawo farantin kofuna da kwanon toka gabanta, ta ɗauki soso.

"Ba haka ba," in ji Habboba Larai. "Jiƙa tokar tukuna. Me suke koya muku a can?"