Ƙugin Rediyon Amm Shahata

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran rediyo a kasuwar Attarin, kuma na tsani a koya mini aikina. Shi ya sa da wata baiwar Allah, Sitt Ihsan, ta dire mini tsohuwar rediyon mahaifinta mai akwatin katako, tana cewa in bi ta a hankali, na ce, "To Sitt, ga kujerar, zauna ki gyara."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mahaifin nata, Amm Shahata, ya makance, hankalinsa ya gushe, wata takwas ke nan bai kira sunanta ba. "Ke yarinya" yake ce mata, kamar 'yar aiki. Likita ya ce kwanakinsa kaɗan suka rage. So take ya ji rediyonsa, ko Allah zai sa ya gane ta kafin ya tafi.

Na ji kunyar bakina. Kwana huɗu na yi a kanta. Na kakkaɓe ƙurar shekara talatin, na sake zaren allurar neman tasha, na cire tsohuwar kondansa da ta kumbura, 'yar na'urar nan mai tace wuta, na liƙa sabuwa. Murya ta fito tas, babu ƙugi ko kaɗan. Har maƙwabcina mai gyaran agogo ya leƙo ya ce, "Usta Ramzi, ai wannan ta koma amarya."

Ni da kaina na kai ta gidansu bayan la'asar. Muka kunna, aka dace da karatun Alƙur'ani. Tsohon ya miƙa hannu ya shafa katakon, sannan ya janye.

Ya ce, "Ku mayar wa mai ita. Tawa sai ta yi ƙugi take magana."

Da Sitt Ihsan ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma shago da tsufana ina haki, na kifar da kwandon shara, na tsinci tsohuwar kondansar a ƙarƙashin ganyen shayi. Na dawo na mayar da ita cikin rediyon, nan a kan teburin cin abincinsu. Aiki ne da in wani ya yi zan ce masa jaki, domin na san ba za ta yi wata biyu ba.

Rediyon ta ɗumama, ƙugin ya taso a hankali, karatu ya biyo baya. Can Amm Shahata ya juyo da fuska inda 'yarsa take tsaye.

"Ihsan, rage murya mana, uwarki na salla."

Ni na san matar, na kuma bi gawarta maƙabarta shekara goma sha tara da suka wuce. Na sunkuyar da kai ina tattara kayan aikina.

Ta ce, "To, Baba." Ta sa hannu ta rage.