Murfin Allura

"Baba, ɗan saki hannun mana, ai ba yanka za a yi ba," in ji Sista, tana goge damtsen tsohon direban da auduga.

"'Yata, shekara arba'in ina jan babbar mota, ban taɓa tsoron komai ba sai ɗan ƙarfen nan."

Ta yi dariya, kafin ya rufe baki ta tsira masa allurar.

"Har kin yi?"

"Tuni."

Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, na tsaye a ƙarshen gadon da takardar gwaji, tana bin kowane motsi da ido. Yau ce rana ta ƙarshe a makonni shidan da hukumar jinya ta ɗora wa Sista kafin a sabunta mata lasisi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta ajiye farin kaya ta koma gida jinyar mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Duk bayan awa biyu take juya ta, kuma har tsohuwar ta rasu ba ta yi gyambon kwanciya ko ɗaya ba. Amma fom ɗin hukuma ba shi da gurbin rubuta wannan. Gurbin da yake da shi shi ne na shekarun da ba a yi aiki ba, nan aka sa ta rubuta sha ɗaya. Idan Matiron ta sa hannu yau, ranar Litinin Sista za ta fara aiki a ƙaramin asibitin unguwarsu. In ba ta sa ba, sai bayan wata shida, kuma gurbin ba zai jira ta ba.

Sista ta zare allurar tana murmushi. Hannunta na hagu ya je kan faranti, ya ɗauko murfin, ya mayar wa allurar. Sai da ta ji ya ce ƙas, sannan ta farga. Ga akwatin zubar da allurai nan, rawaya, dab da gwiwar hannunta.

A zamaninsu, barin allura tsirara shi ne babban laifi, har buge musu hannu ake yi da biro. Yanzu an hana mayar da murfi kwata-kwata, don a nan ne ma'aikata ke soke yatsunsu da jinin majinyaci. Ta rubuta dokar da jan biro tun makon farko. Ta kiyaye ta har yau, sai da tsoho ya ba ta dariya.

Ta ɗago. Matiron na kallon taga.

A ofis Matiron ta tura ƙofa, ta gyara tabarau. A gaban mutane Sista take ce mata, amma nan su biyu ne, kuma a hannun Sista ita Matiron ta koyi aiki tana ɗaliba.

"Anti, ni ban ga komai ba. Waje nake kallo."

"'Yar Firit, har yau in za ki yi ƙarya sai kin taɓa tabarau."

"Haba Anti! Masu lasisin ma yi suke yi. Jiya na ga biyu a ɗakin majinyata."

"Me kika ce musu?"

Matiron ta kau da kai wajen taga.

"Ashe tagar nan tana shan kallo," in ji Sista.

Matiron ta zauna, biro a hannu, ba ta rubuta komai ba. Babban yatsanta na hagu take ta murzawa. Sista ta san irin wannan murzar, ta masu taɓa wurin da ya daɗe da warkewa.

"Me ya sami yatsan?"

"Tsohon zance ne."

"Ina jin ki."

"Bayan tafiyarki da shekara biyu. Ina mayar da murfi, majinyacin ya zabura." Ta ja numfashi. "Kwana ashirin da takwas ina shan magani ina amai. Wata uku ina jiran sakamako, ga goyo. Don tsoro na cire yarinyar daga nono tana wata huɗu. Allah Ya tsare, ban ɗauki komai ba."

Sista ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta tuna wata siririyar ɗaliba da hularta ke faɗowa kan ido, ta tuna yadda ta kama hannunta ta nuna mata: haka ake yi, a hankali, sai kin ji ya ce ƙas.

"Ni na koya miki."

"Ke ma haka aka koya miki, Anti."

Sista ta kama yatsan ta riƙe, kamar yadda ake riƙe na yaron da ƙofa ta datse.

"Rubuta abin da kika gani."

"Aikin Litinin fa?"

"Akwai ɗalibai a can. Hannuna za su kalla, ba bakina ba. Rubuta. Gobe kuma ki nemi biyun nan naki."

Matiron ta cire tabarau ta goge ido, sannan ta rubuta.

Da la'asar Sista ta isa gida. Maigidanta tela ne, ya saki farar rigarta ta dā a ƙugu, ya goge ta, ya rataye a jikin ƙofa don ita ce za ta fara gani. Ya dubi fuskarta, ya dubi rigar, bai tambaya ba. Ya tashi zai sauke ta.

"Bar ta nan, Malam. Miƙo min lemon can da gwangwanin madara."

Ta fito da sirinjin koyo daga jaka, ta zare murfin, ta ajiye shi a fili kan tebur inda ido zai gan shi. Ta gaya masa abin da ya faru a taƙaice, sannan ta miƙa masa hannunta na hagu.

"Riƙe min wannan. Shi ne mai taurin kai."

Ya riƙe. Ta soki lemon, ta zare, ta jefa sirinjin a gwangwani. Yatsunta suka motsa a tafinsa, suna neman tebur. Ya ƙara damƙewa.

"Har yaushe zan riƙe?"

"Wata shida."

"To," in ji shi, ya ture keken ɗinkin da ƙafa, "matso nan, kujerar ta fi laushi."