Riɗin Hure

Har yau in na tuna zaman nan sai in ji kamar in mari kaina. Ni na hana ƙanwata Hure zuwa kotu, ni Inuwa, malamin firamare a Gaya, mai ganin duk gidanmu ba wanda ya kai shi wayo.

Mijinta Hafizu ya yi mata saki ɗaya saura mako biyu a yanke riɗi. Ya miƙa mata takarda ya ce ta tafi gidanmu Gafasa. Shekararta tara a gidansa a Toranke, kuma riɗin nan nata ne. Gayauna ce, 'yar ƙaramar gona, surukinta ya yankar mata tun yana raye. Akuyarta ta sayar ta sayi iri da taki, ita ta yi shuka, ita ta yi noma, shi kuwa gogan yana gindin darbejiya yana sauraron rediyo. Da muka aika a tambaya, sai ya ce ƙasar ubansa ce, abin da ke kanta ma nasa ne.

Hure ta ce ƙara za ta kai. Na ce mata riɗi ba ya jiran alƙali. In ya nuna ba a yanke ba fashewa yake ya zube, kafin a yi sammaci a sa rana tururuwa sun gama rabo. Na ce a yi sulhu a zauren mai unguwarsu, yini ɗaya an gama. Ba ta so ba, amma ta bi ni.

Mai unguwa yana zaune, Liman Datti a gefensa, Hafizu da kawunsa a dama. Hure tana can bakin ƙofa a kan tabarma ita kaɗai. Aka ɓata sa'a guda ana ba ta haƙuri, kamar ita ta saki wani. Ba wanda ya ambaci riɗi. Raina ya ɓaci, na gyara zama.

"Allah gafarta Malam," na ce wa liman, "a ina mace take yin idda?"

"A ɗakin mijinta," in ji shi. "Mu ne muka saba tura su gida, amma ba haka shari'a ta ce ba. Ci da shanta ma yana wuyansa."

"To ƙanwata za ta koma ɗakinta ta yi iddarta. Ta yanke riɗinta, ta kakkaɓe, in idda ta cika ta kwaso kayanta."

Na dubi Hafizu ina jin daɗin kaina. Sai kawunsa ya sunkuya ya raɗa masa magana a kunne. Hafizu ya yi murmushin da har gobe ba zan yafe masa ba.

"Ranka ya daɗe, tunda haka ne na mayar da ita," ya ce wa mai unguwa. "Kuma matata ba za ta ƙara taka gona ba. Ni zan yanke."

Na ce ba zai yiwu ba, ai ba a tambaye ta ba. Liman ya kawar da kai, ya ce saki ɗaya ne kuma tana cikin idda, yana da ikon kome, wato mayar da ita, ko ba ta yarda ba. Mai unguwa ya ce alhamdu lillahi, an gyara aure, a shafa fatiha. Suka ɗaga hannuwa. Ni na kasa ɗaga nawa, don da bakina na buɗe masa ƙofar.

"Malam, a dakata da fatihar."

Hure ce ta yi magana, karo na farko tun zuwanmu.

"In mace ta fanshi kanta, akwai kome?"

"Babu," in ji liman. "Wannan hul'i ne, sai dai da sabon aure, da yardarki."

"To na ba shi riɗin. Ya rubuta mini yanzu a gabanku."

Na ce, "Hure, wahalar damina guda fa!" Ko kallona ba ta yi ba. Na ɗauka Hafizu zai ɗan yi jim, ko don kunyar idon mutane. Wallahi kafin liman ya rufe baki ya miƙa hannu yana neman biro, kuma nawa ne kaɗai a zauren. Na zare daga aljihu na ba shi.

Ta karɓi takardar, ta sa liman ya karanta mata sau biyu, ta ninke ta ƙulle a bakin mayafi. A waje na tayar da babur na ce ta hau.

"Yaya, ka yi gaba," ta ce. "Ka gaya wa Inna an yi sulhu."

Ta kama hanyar Gafasa da ƙafa. Na kashe babur ɗin, na bi bayanta ina turawa.